Gurara ko Farin Ruwa: ina zaka kai iyali, ina zaka je da abokai

Ɗan yayata ne ya kira ni ranar Juma'a da daddare, wai Kawu muna so mu fita ranar Asabar ta sama mu je mu ga ruwa, ni da maiɗakina da yara uku da Hajiya, Gurara zamu ko Farin Ruwa? Ya ce shi hoton Farin Ruwa ya gani a waya kuma tun daga ranar hankalinsa ya tafi can. Na ce masa tsaya tukuna, Hajiyar da kake faɗa ita ce dai yayata mai fama da gwiwa? Ya ce ita ce. Toh daga nan muka kusa cinye awa guda muna magana, kuma abin da na gaya masa shi zan rubuta nan don na san mutane da yawa da ke zaune Abuja da Suleja da Keffi da Kaduna suna wannan tambayar duk lokacin da hutu ya zo.

Na je wuraren biyu, Gurara ma na je fiye da sau ɗaya, da rani da damina, kuma gaskiya ina son su duka har raina, amma ba abu ɗaya ba ne, ko kusa. Wanda ya ɗauka duk ruwa ne ke zubowa daga kan dutse don haka ko ina ma ɗaya ne, shi ne zai sha wahalar banza.

Bari in fara da Gurara tunda ita tafi kusa. Tana jihar Neja ne, ƙaramar hukumar Gurara, gefen hanyar Suleja zuwa Minna. In ka taso daga Abuja ka bi Zuba, ka wuce ka karya a mahaɗar Dikko ka ɗauki hanyar Minna, bayan Lambata wajen ƙauyen Bonu zaka ga inda ake sauka daga babban titi a shiga ciki. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ka isa, ya danganta da gosulo da kuma tireloli da tankoki don hanyar nan ta Minna basa ɗauke ƙafa a kanta. Babban abin da Gurara ta fi da shi kenan, mota tana kai ka har kusa da wurin, ka faka, ka ɗan taka kaɗan sai ga ruwan nan a gabanka ka hango shi daga sama. Tsayinsa kamar mita 30 ne, amma faɗi ne abin kallo, wajen mita 200, wato ba siririn ruwa ba ne da ke saukowa ta tsaga ɗaya, kogi ne sukutum ya zo bakin dutse ya faɗa.

Zuwana na farko cikin watan Agusta ne. Wallahi tun kafin mu kashe mota muke jin rugugi kamar hadari na tasowa daga ƙarƙashin ƙasa, da muka ƙarasa bakin wurin kallo sai ga ruwa jawur kamar an dama kunu da jar ƙasa, ya rufe duwatsun kaf babu ko ɗaya da ake gani, feshi na tashi sama kamar hayaƙi yana jiƙa mana fuska alhali muna nesa. Abokin tafiyata yana min magana ina ganin bakinsa na motsi amma bana jin komai. Na daɗe tsaye a wurin ina tasbihi a zuci, don irin wannan ƙarfin in ka gani da idonka sai ka ji ka zama ɗan ƙarami. Amma a ranar babu maganar sauka ƙasa, hanyar duk santsi, bakin kogin ma ruwa ya cinye shi. Kallo kawai muka yi muka juyo.

Da na koma cikin Fabrairu sai ka ce wani wuri daban aka kai ni. Ruwan ya ja baya ya rabu gida gida, yana saukowa fari tas ta tsakanin baƙaƙen duwatsu, ƙasa kuma ga yashi ya fito ga ƙananan tafkuna, mutane sun shimfiɗa tabarmi suna cin abinci yara na wasa da yashi. A lokacin ne muka bi 'yar hanyar da ke gangarawa zuwa bakin kogin. Ba doguwa ba ce, minti goma zuwa sha biyar in kana tafiya a hankali, amma akwai inda sai ka dafa dutse da hannu ka sauke ƙafa ɗaya ka nemi wurin takawa sannan ka sauke ɗayar. Ga matashi ba komai ba ne. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, toh ita sai ta zauna sama a inuwa, kuma abin daɗin shi ne ko daga saman ta ga abin da ta zo gani, bata yi asarar tafiya ba. Wannan maganar ku riƙe ta don ita ce ta raba gardama tsakanina da ɗan yayata.

Yankin ƙasar Gwarawa ne, kuma 'yan garin da ke raka baƙi zasu baka labarin cewa wani maharbi Bagware ne ya fara cin karo da wurin tun zamanin da, kuma wai sunan ya samo asali ne daga abubuwan bauta guda biyu na mutanen da, Gura da Rara. Labari ne na baka da ake gada, ka saurara da mutunci, ka ɗan basu wani abu na rakiya don da yawansu da wannan suke samun na cefane. Wani abin da mutane basu cika sani ba kuma, kogin nan na Gurara can sama a jihar Kaduna an yi masa dam, kuma daga dam ɗin ake janyo ruwa ta ƙaton bututu mai tsawon kilomita sama da 70 zuwa dam ɗin Usuma da ke shayar da Abuja. Kaga ke nan mutumin Abuja da ya je Gurara kogin da yake sha ya je gaisarwa. Daga nan kogin ya wuce ya je ya haɗe da kogin Neja.

Yanzu Farin Ruwa. Ita tana jihar Nasarawa, ƙaramar hukumar Wamba, daidai inda tudun Jos ya ƙare ƙasa ta gangaro, ruwan ma daga can saman Filato yake tasowa. Tsayinsa wajen mita 150, faɗi kamar 50. Don ka gane me ake nufi da mita 150, shahararren ruwan nan na Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe mita 108 ne tsayinsa, duk da dai shi a faɗi ba a haɗa shi da kowa. Gurara kuwa sai ka ɗora biyar kan juna kafin ka kamo Farin Ruwa. Sunan ma bai ɓoye komai ba, tun daga nesa kana kan hanya zaka hango wani farin abu a jikin dutse kamar an shanya farin yadi daga sama har ƙasa, sai ka matso ka ga ashe motsi yake.

Amma kafin ka matso ɗin nan ne aikin yake. Daga Abuja kimanin kilomita 160 ne, zaka bi Nyanya da Mararaba, wanda duk ya san hanyar ya san in baka fita da asuba ba nan kaɗai zai ci maka awa, sannan Keffi, sannan Akwanga, sannan ka karya zuwa Wamba. Har Wamba babu wata matsala sosai. Daga Wamba zuwa wurin ruwan kuma akwai sauran kamar kilomita 30, kuma wannan talatin ɗin sun fi duk na baya cin rai, don bayan ka bar kwalta hanyar ƙauye ce, ga ramuka ga duwatsu ga rafuka da ake tsallakawa. Mu lokacin da muka je ƙarshen damina ne, motarmu ƙarama ce, muka kai wani wuri direba ya fito ya duba ya girgiza kai ya ce shi dai nan ya tsaya. Sai mashin muka hau, 'yan acaɓan ƙauyen da suka san kowane rami da sunansa, wani rafin ma sai da muka sauka muka naɗe wando muka taka da ƙafa su kuma suka tura mashinan. Bayan mashin ya kai iyakarsa sai tafiyar ƙafa cikin kurmi, ana hawa ana sauka.

Tafiyar ƙafar nan ita ce abin da nafi tunawa, fiye ma da hotunan da muka ɗauka. Inuwa ce rufe, ƙasa a jiƙe, ganye ya ruɓe yana wani irin ƙamshi na damina, tsuntsaye na ta kuka ta ko ina kuma can ƙasa ƙasa kana jin ƙarar ruwan tana ƙaruwa da kowane taku. Numfashina ya fara sama sama, riga ta manne a baya, sai kawai na ji iska mai sanyi ta bugo ni a fuska kamar an buɗe firij, ashe mun kusa. Muna fitowa daga cikin itatuwa na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa, sai da hular kaina ta faɗi baya kafin in ga inda ruwan ya fara. Kafin ya iso ƙasa rabinsa ya zama feshi, iska na kaɗa shi gefe, cikin minti biyu mun jiƙe sharkaf ba tare da mun taɓa ruwan ba. Wani ƙaramin yaro ɗan ƙauyen da ya biyo mu ya tsaya yana kallon fuskokinmu yana murmushi, shi kullum yana gani amma ya san abin da baƙo ke ji a wannan lokacin. Babu kowa a wurin sai mu. Babu mai kiɗa, babu mai talla, babu hayaniya sai ta ruwa.

Abin da ke min ciwo da Farin Ruwa shi ne wuri irin wannan da a ce an kula da shi yadda ya kamata, an gyara hanyar nan ta kilomita 30, da mutanen ƙauyukan sun fi kowa amfana, manomi ya fitar da amfaninsa cikin sauƙi, mai ciki ta isa asibiti, baƙi kuma su zo su kashe kuɗi. Mun ga mata ɗauke da kaya a ka suna tafiya a hanyar da mu muka sha wuya a kan mashin, mu yawon buɗe ido muka zo na yini ɗaya, su rayuwarsu ke nan kullum. Wannan ya tsaya min a rai har yau.

Toh in aka zo zaɓi, tambayar farko ba wanne yafi kyau ba ce, tambayar ita ce da wa zaka tafi. In akwai tsoho ko tsohuwa, ko mai juna biyu, ko yaran da sai an ɗauka, ko wanda ke da asma ko hawan jini, Gurara kawai, kar ma ka tsaya dogon tunani. In ku matasa ne ku huɗu ko biyar masu ƙafa, kuna da mota mai tsayi ko baku damu da hawa mashin ba, kuma abin da kuke nema shi ne ku ji kun yi tafiya har jikinku ya gaya muku, Farin Ruwa zata baku abin da Gurara bata da shi. A Gurara kana zuwa ne ka kalla. A Farin Ruwa sai ka biya da gumi tukuna, shi ya sa in ka iso abin ke shiga rai daban.

Sai lokaci. Gurara yawon rabin yini ce, ka fita bayan karin kumallo, ka yi azahar a can, kafin la'asar ta yi sanyi ka kama hanya, magariba a gida. Farin Ruwa yini guda ne cur daga asuba, kuma ni shawarata ma in da hali ka kwana Akwanga ko Lafia ka tashi da sassafe, don ka fito daga cikin dajin tun rana na sama. Kar ka yarda duhu ya same ka tsakanin wurin ruwan da Wamba. Maganar tsaro kuma ba sai na ɓoye ba, duk mun san halin da hanyoyinmu ke ciki, yau lafiya gobe wani labari, don haka ko wanne ka zaɓa ka tambayi mutanen yankin ana gobe zaka tafi, direbobin tasha sun fi kowa sanin abin da ke faruwa, kuma ka gaya wa wani a gida inda ka nufa da lokacin da ya kamata a ji ka. A Farin Ruwa sabis na waya yana ɗaukewa, kar ka dogara da cewa zaka kira in wani abu ya taso.

Watan da zaka je ma yana canza lissafin gaba ɗaya, kuma nan ne mutane ke yin kuskure. Suna ganin hoton da aka ɗauka cikin Satumba sai su je cikin Maris su dawo suna cewa an yaudare su. Gurara daga Janairu zuwa Maris ruwa ya yi ƙasa, lokacin zama bakin kogi da iyali ke nan, in kuma ƙarfin ruwan kake son gani toh tsakiyar damina zuwa Oktoba, ka tsaya daga sama. Farin Ruwa ita matsalarta lokacin da ruwan yafi kyau shi ne lokacin da hanya tafi muni. Da tsakiyar damina rafukan hanya na iya cika su hana ka wucewa, ko kuma mafi muni ka wuce da safe a yi ruwa da rana ka dawo ka tarar an rufe maka hanyar komawa. Da tsakiyar rani hanya lafiya lau amma ruwan ya rame. Ni a ganina ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba shi ne daidai, sama ta ɗauke, ƙasa ta fara bushewa, dutse kuma bai gama zubar da abin da ya sha ba.

Kuɗi kuwa, Gurara tafi sauƙi nesa ba kusa ba, mai ne kawai da kuɗin shiga da ɗan abin da zaka ba mai rakiya. Farin Ruwa ka lissafa mai ninki, ga kuɗin mashin zuwa da dawowa na kowane mutum, ga mai nuna hanya, ga masauki in zaka kwana. Ka riƙe tsabar kuɗi 'yan canji a aljihu, a cikin ƙauye babu mai POS da zai jira ka kuma tiransifa bata tafiya inda babu sabis. Ka yi ciniki da ɗan acaɓa kan zuwa da dawowa tun kafin ka hau, kuma ku yi da shi zai jira ku.

Akwai na uku da zan ambata a gurguje don wanda hanyarsa ta bi ta Jos. Assop, wajen Hawan Kibo, kamar kilomita 60 da wani abu kafin Jos in ka taso daga Akwanga. Tana bakin titi ne kusan, ka faka ka sauka 'yan matakala ka ga ruwa na zubowa tsakanin duwatsu da itatuwa, wuri mai sanyi mai daɗin hutawa. Bata kai waɗancan biyun girma ba kuma ni ba zan taso takanas daga Abuja saboda ita kaɗai ba, amma in kana kan hanya awa ɗaya a can ba asara ba ce. Mutanen Kaduna ta kudu kuma suna da Matsirga kusa da Kafanchan, wanda ruwanta ke gangarowa daga duwatsun Kagoro.

Dan Allah maganar wanka. A duk wuraren nan, musamman Gurara, ruwa ya sha cin mutane, kuma yawanci samari ne da suka iya iyo a rafin garinsu suka ɗauka duk ɗaya ne. Ƙarƙashin inda ruwa ke faɗowa yana juyawa ne yana janyo mutum ƙasa, ga duwatsu a ɓoye, sannan ana iya yin ruwan sama can nesa inda baka gani ba kogi ya ƙaru kana tsaye a tsakiyar dutse rana na haskawa. In 'yan garin suka ce kar a wuce nan, kar a wuce. Dutsen da ka ga yayi kore ko yana ƙyalli gansakuka ce a kai, santsinta yafi sabulu, kuma yawancin faɗuwa wajen neman hoto ake yinta, mutum na ja da baya yana kallon waya. Yara kuma hannunsu a naka, ba wai ido kawai ba.

Kayan tafiya ba su da yawa. Kambas mai kama ƙasa, banda silifas, banda takalmi mai tsini, mata su sa abin da zasu iya ɗaga ƙafa a ciki ba tare da takura ba, a kuma riƙo wani mayafin ko hijabi na canji don feshi zai jiƙa na jiki. Ruwan sha ya fi abin da kake tsammani zaka sha, abinci daga gida, leda ta saka waya, buta da darduma. Da wata ledar ta kwashe shara, don abin takaici ne ka ga robobin lemo da ledojin ruwa a maƙale tsakanin duwatsu a wuri mai kyau haka, mu da kanmu muke zubarwa.

Ɗan yayata dai da farko bai ji daɗi ba don zuciyarsa na Farin Ruwa, sai na ce masa ka kai Hajiya da yara Gurara wannan Asabar ɗin, ku fita da wuri kafin tireloli su cika hanya, ka sa mata kujerar roba a but don ta zauna a sama cikin inuwa ku kuma ku sauka ƙasa in hanyar ta bushe. Farin Ruwa kuma ka bari sai Nuwamba, ka nemo abokanka biyu da mota mai tsayi, ni ma ka zo ka ɗauke ni, mu kwana Akwanga mu yi asuba a can mu kama hanyar Wamba.